Abin da na gano Albarkaize



Cikin hutun damana na tahi Albarkaize, bakin kogi, kusa da Gaya. Tun da asuba mai jirgin ruwa ya ɗauke ni. Balbela da zalɓe sun cika itatuwa da sheƙa, sai ka ce an shanya kaɗa. Kirinjijiya na tashi garke-garke. Ya hana ni magana da ƙarhi. Ya ce in uwa ta tsorata ta tashi, rana na ɓata ƙwai.

Tun 2001 anka sa wannan hwadama cikin yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashe sunka ƙulla a Iran a 1971 don tsaron wuraren ruwa. Kudancin Dallol Mawri, wanga kwari namu da ya ratso Dogon Dutsi da Tibiri, ya shiga a 2004.

Da na komo sai na dubi namu. Shamuwa ita ka shaida muna damana ta kusa, ita ka cinye hwara cikin gona. Bara ƴan lakkwal ɗina sun kawo mini ƙwanta cikin hula, suna murna. Na ji kunya.

Roƙona biyu. Iyaye, ku hana sare icen da ke da sheƙa. Ƴan ci-rani, ku daina kawo ma yara tsarabar danƙo. Ni ko, kowace damana ni da yara za mu ƙidaya sheƙa, mu kawo muku lissahi.

Allah shi ba mu damana mai albarka.