Wanda Ba A Rubuta Sunansa Ba, Ba A San Da Shi Ba



Wannan jawabi a kan ƙidayar mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu ne, da kuma abin da ya rataya a wuyan mazauna Sabo da Zango a Kudu.

Tun 2009 rikicin Boko Haram ya tashi a Maiduguri. A 2014 Gwoza da Bama da Mubi suka faɗa hannun 'yan tawaye, jama'a suka watse, wasu cikin gari, wasu Kamaru da Nijar da Chadi. A shekarar ne Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, watau IOM, ta haɗa kai da Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, suka soma ƙidaya a jihohin Yobe, Adamawa, Bauchi, Gombe da Taraba, daga baya aka haɗa da Barno. A 2015 lissafi ya haura mutum miliyan 2.

Mutane iri uku ake bin sawunsu: wanda ya gudu bai koma ba, da wanda ya koma garinsu, da matafiyi mai neman abinci da ke ratsa tashoshi irin na Kano da Sakkwato da Agadas. Ma'aikata kan bi gunduma-gunduma, su zauna da bulama ko mai unguwa, su tambayi yawan baƙi da inda suka fito. A sansani kuwa har hoton yatsa ake ɗauka, don kada a rubuta mutum sau biyu. Ido dai ba mudu ba ne, ko da ya san ƙima. Da wannan lissafi ake auna hatsi da magani da azuzuwan yara.

Ƙidayar ta nuna abu guda muhimmi: mafi yawan masu gudun hijira ba a sansani suka zauna ba, a gidajen dangi da na masu tausayi suka raɓa. To, irin wannan raɓawa ta kai har Kudu. Akwai ɗan acaɓa a Agege, da mai ga-ruwa a Sabon Ibadan, da mai gadi a Fatakwal, waɗanda ba ci-rani ya kawo su ba, wuta ce ta koro su. Ƙidayar kuwa a Arewa ta fi ƙarfi. A 2021 Gwamnatin Barno ta soma rufe sansanonin Maiduguri tana mai da mutane garuruwansu.

Akwai kuma maganar ɓatattu. A 2019 Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta ce kusan mutum 22,000 aka kai mata cigiyarsu a Nijeriya, fiye da rabinsu yara ne sa'ad da suka ɓace. Mai yiwuwa ne wani da uwarsa ke kuka a Bama yana tura baro a Mile 12.

Saboda haka ya kamata kowane Sarkin Hausawa da limami su buɗe littafi: sunan baƙo, garinsu, shekarar da ya fito, da wanda yake nema. A rubuta da yardar mai suna, a kuma tsare littafin, gama amana ne, kada ya zama abin farautar bayin Allah. Mai cigiyar ɗan'uwa ya kai ta ofishin Red Cross mafi kusa, ba a biyan ko kwabo.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.