Jawabi Ga Masu Shirin Gina Gidaje A Kewayen Sabon Masallaci

 



Malam Liman ya umurce mu da mu yi muku 'yar tunatarwa a wannan rana ta aza harsashi. Kowa ya sani masallaci ba ya zama shi kaɗai. An riga an yanka filayen da ke kewaye da shi, kuma da yawa daga cikinku nan za ku gina gidajenku. To, yadda mutum ya gina gidansa, haka ya yanke wa iyalinsa zafin da za su sha, haka kuma ya yanke wa maƙwabcinsa ruwan da zai shiga masa gida, har shekara hamsin ko fiye. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na farko shi ne bango da rufi. Ɗakin da aka yi da siririn bulon siminti, aka rufe da kwano ba silin, yakan zama kamar tanda a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40. Daga nan sai neman fanka da janareta, kuɗin mai ya ƙare, hayaƙi ya cika unguwa. Katangar ƙasa mai kauri kuwa takan sha zafin rana a hankali, ba ta sakinsa sai dare ya yi. Domin haka ne magina na dā suka yi aiki da tubali, da azarar giginya wadda gara ba ta cika cinta ba, da makuba ta ɓawon ɗorawa domin kare bango daga ruwa. Har wa yau, masana sun ƙiyasta cewa masana'antun siminti su ke fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke ƙara wa duniya zafi.

Lalle wani zai ce gidan ƙasa alamar talauci ne, kuma damina tana cinsa. Mai wannan magana ya dubi hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa da ƙasa a 1844, tana nan tsaye har yau domin ana kula da ita. A birnin Yamai kuwa, a 2016, an kammala gidajen zamani masu bene da bulon jar ƙasa, watau ƙasar da ake gauraya da siminti kaɗan a matse ta da inji ba tare da an gasa ba. Da irin wannan bulo aka gina sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa, wanda aka gama a 2018. Sharaɗin ginin ƙasa uku ne: a yi masa harsashin dutse da siminti wanda ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, a yi rufi mai baki da zai kare bango, kana a riƙa duba bangon gabas kowace shekara, tun da yake ta nan hadari ya fi bugowa.

Abu na biyu shi ne iska da inuwa. A sa tagogi ta kudu da ta arewa suna duban juna domin iska ta ratsa, a rage su ta yamma inda ranar la'asar ke dukan ɗaki. Kada a malale tsakar gida duka da siminti, gama siminti yana riƙe zafi, yana kuma hana ƙasa shan ruwa. Wanda ya tarar da tsamiya ko ɗorawa a filinsa, ya nemi magini ya kauce mata in da hali, domin sare ta aikin yini ɗaya ne, samun kamarta kuwa sai jikoki. Wanda bai tarar ba ya dasa darbejiya ko mangwaro tun ranar da ya fara haƙa harsashi.

Abu na uku shi ne ruwa. Ga lissafi mai sauƙi: rufi mai faɗin murabba'in mita 100, a wurin da ruwan shekara ya kai milimita 800, lita 80,000 ke sauka a kansa, watau durom 400. In an haɗa indararo da tanki, iyali sun sami ruwan wanki da na ban ruwa. In kuwa an sake shi a lungu, to ya zama masifa ga wanda gidansa ke gangare. Kada kowa ya yi gini a kan hanyar ruwa, kada a cike kududdufi da shara domin a sayar da shi fili, gama ruwan da aka kora daga mazauninsa ɗakin wani zai nufa. Ma'aikatan lafiya kuma suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. A ƙananan filaye irin namu, wannan ba ya yiwuwa sai maƙwabta sun zauna sun yi shawara kafin kowa ya sa diga.

Mu kuma a nan mun yi niyyar fara gwadawa. Za a juya ruwan alwala zuwa gindin itatuwan da za a dasa a harabar masallaci, saboda haka wanda ba shi da halin ba da buhun siminti, ya kawo dashe guda, mun karɓa da godiya. Muna kuma roƙon kowane mai fili ya zo da magininsa ya ga aikin nan tun daga harsashi har rufi, ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Allah ya ba mu ikon kammala wannan gini, ya sanya albarka a gidajen da za su kewaye shi, amin.