Kujerar Dattijo Ba Ta Wasa Ba Ce

Iyayena da 'yan'uwana manoma. A ƙara matsowa, waɗanda ke can baya su ji.

Da yawanmu in an ce zaɓe, shugaban ƙasa kaɗai muke hange. To, ku saurari abin da ya faru a zaɓen Majalisar Dattijai na ran 7 ga Yuli, 1979. Akwai dattawa a nan da suka jefa ƙuri'a ran nan, su ne shaidata.

A lokacin jihohi 19 ne, kowace jiha kujera 5, jimla 95. Sakkwato da Bauci da Neja da Binuwai suka ba NPN dukkan kujerunsu. Kano ta ba PRP ta Malam Aminu Kano biyar ɗinta cif, cikinsu har da Sabo Bakin Zuwo. Kaduna ta raba, NPN 3, PRP 2. Barno ta ba GNPP ta Waziri Ibrahim 4, Filato ta ba NPP 4. Gongola kuwa, Allah Sarki, gida uku ta rabu: GNPP 2, UPN 2, NPN 1. Da aka tara, NPN 36, UPN 28, NPP 16, GNPP 8, PRP 7.

Ku lissafa da ni. 36 cikin 95 ko rabi ba ta kai ba. Alhaji Shehu Shagari ya ci shugabanci a watan Agusta, amma ministocinsa sai dattijai sun amince, kuɗin aikin shekara ma sai sun bi ta majalisa. Dole NPN ta nemi ƙawance da NPP ta Azikiwe, aka raba muƙamai: Joseph Wayas shugaban majalisa, John Wash Pam na Filato mataimakinsa. Auren dole ai ba ya ƙarko. A 1981 ƙawancen ya watse.

Yau jiha kujera 3 gare ta, Abuja 1, jimla 109. Kujerun kowace jiha sun ragu, don haka kowace ɗaya nauyinta ya ƙaru. Kuɗin taki da rijiya da hanyar da za ta kai hatsinku kasuwa, a gaban waɗannan mutane suke wucewa. In kun ba ɗan takararmu shugabanci kuka hana shi dattijai, kun ba shi garma kun riƙe shanu.

Ranar zaɓe ku fito da sassafe da katinku, ku fito da iyali. Takardar dattijo daban take. Ku nemi alamar jam'iyyarmu, ku dangwala a cikin akwatinta sau ɗaya tak, kada tawada ta taɓa ta maƙwabci. Kuma kada a watse sai an ƙirga a gabanku.