RAKIYA MA MAGANI CE? JINYAR DAMUWA A KAN ƘAFA, DA YADDA ZA TA YIWU A CIKIN BADALA

 Yau maganar lafiyar ƙwaƙwalwa za mu yi, amma ta wata kusurwa daban.

Ku lura da wani abu da muke yi a garin nan kullum. Abokinka ya zo wajenka, kun zauna a zaure ko a shago awa biyu, an yi hirar ƙwallo, an yi ta siyasa, an sha shayi. Sai ya ce zai tafi, ka ce bari in taka maka. Kun fito, kun wuce lungu ɗaya, kun wuce na biyu, kun kusa bakin titi inda zai hau adaidaita, sai ka ji ya ce, "Wallahi dama akwai maganar da ta kawo ni." Awa biyu yana zaune bakinsa ya ƙi buɗuwa, amma tafiyar minti biyar ta buɗe shi. Duk wanda ya tashi a Kano ya san wannan.

To wannan abin da muke kira rakiya, a wasu ƙasashe masana halayyar ɗan Adam sun mayar da shi hanyar aiki. Maimakon mai damuwa ya je ofis ya zauna a kujera yana fuskantar mai ba shi shawara, sai su haɗu a waje, su jera suna tafiya suna magana, kamar minti hamsin ko awa ɗaya. Mai sauraron ƙwararre ne da ya yi karatun abin, sirri yana nan, ranar haɗuwa tana nan, ɗakin ne kawai aka cire. Kuma ba sabon abu ba ne can. Sigmund Freud da kansa, wanda aka fi sani da kwantar da marasa lafiya a kan doguwar kujera, a 1910 ya yi wa mawaƙin nan Gustav Mahler zama guda a kan ƙafa, suna zaga titunan garin Leiden na ƙasar Holan kusan awa huɗu. Lokacin korona kuma, da zama a rufaffen ɗaki ya zama abin tsoro, abin ya ƙara yaɗuwa a Ingila da Amurka.

Me ya sa nake ganin ya dace da mu? Kunya. Mu an tarbiyyantar da mu cewa ba ka ƙura wa babba ido. Sai a ce ka shiga ofis, ga likita a bayan tebur da farar riga, yana kallon tsakiyar idonka, wai ka faɗa masa abin da ko mahaifiyarka ba ka faɗa wa ba. Ina! Yawancinmu "lafiya lau, alhamdulillah" za mu ce mu tashi. Amma in kuna jere kafaɗa da kafaɗa, kowa gabansa yake kallo. In ka yi shiru ba ya zama nauyi, don ƙafa tana aiki. In hawaye ya zo ma, ka kau da kai, ka ce ƙura ce.

Sannan ga sunan wuri. A Kano in aka ce "sai an kai shi Dawanau", kowa ya san ba kasuwar hatsi ake nufi ba. Asibitin yana aikinsa, likitocin suna ƙoƙari, amma mu ne muka mayar da sunan zagi. Yarinya tana tsoron a gan ta a layin sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, kar maganar ta kai gidan su saurayinta. Saurayi yana tsoron majalisa ta ji. Sai a zauna da ciwo a gida shekara da shekaru, wani ya koma wa ƙwaya, wani ya daina fita kwata-kwata ana ce masa malalaci. Kuma ko duk mun cire tsoron mun tafi, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai, ga mutum sama da miliyan 200. Ofis kaɗai ba zai ɗauke mu ba.

Ita tafiyar kanta akwai hujja a kanta. A 2024 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 218, da mutum sama da 14,000, aka ga tafiya da sassarfa suna cikin abubuwan da ke rage ciwon damuwa sosai. Sai kuma wani ƙaramin bincike na Jami'ar Stanford a 2015, wanda shi ne ya fi jan hankalina. Sun raba mutane gida biyu, kowa ya yi tafiyar minti 90. Wasu a cikin ciyayi da bishiyoyi, wasu a gefen babban titi mai cunkoson motoci. Waɗanda suka bi cikin bishiyoyi, wannan saƙe-saƙen da zuciya ke yi tana juya abu ɗaya, ya ragu. Waɗanda suka bi titi, bai ragu ba. Kun ga kenan ba kowace tafiya ce tafiya ba.

Nan fa gizo ke saƙar. Don in ka ce za ka yi wannan a cikin birni, ina za ka bi? Daga Ƙofar Mata zuwa Kurmi da rana, ko muryarka ba ka ji saboda hon ɗin 'yan adaidaita. In ka shiga lungu don gudun hayaniya, to ka shiga inda kowa ya san kakanka. Taku goma sai an gaisa. "A'a, ina zuwa haka? Wane ne wannan?" Kana tsakiyar faɗin abin da ya hana ka barci wata uku, sai ga ƙanin babanka a kan dakali. A Landan mutum biyu za su zaga lambu babu mai kallonsu. A Yakasai ko Mandawari ba haka ba ne, kuma duk wanda zai kawo mana wannan tsari bai yi lissafin wannan ba, zai tona asirin wanda ya zo taimako.

Ganuwar ma da ya kamata ta zama hanyarmu, kun san halin da take ciki. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wajen shekara 900 kenan, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. Yau wani wajen ta zube, wani wajen an ɗebe ƙasar an yi bulo, wani wajen an dasa shaguna a kai. Da a ce an kiyaye ta an yi mata hanyar ƙafa da inuwa daga Ƙofar Na'isa zuwa Kabuga, da babu birnin da zai fi mu wajen tattaki. Wannan takaicin na wani shirin ne.

Duk da haka akwai inda za a iya. Bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi, hawa Dala ko Goron Dutse wani abu ne daban: iska, shiru, ga birni gaba ɗaya a ƙarƙashinka. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero tana nan dab da ganuwa, da bishiyoyinta, kuma a can mutum biyu suna tafe suna magana ba abin kallo ba ne. Lokaci ma sai an zaɓa. Watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, babu mai tafiyar awa ɗaya da azahar. Lokacin hunturu mai asma ya kiyayi ƙura. Kuma kar mu yaudari kanmu, ƙwacen waya gaskiya ne, wurin da ya yi shiru da yawa shi ma hatsari ne.

Sai maganar mata, wadda ita ce ta fi damuna, don su ne suka fi zama a cikin gida da abin a ransu. Namiji mai ba da shawara ba zai jera da matar aure ko budurwa a titin cikin gari ba, ko da me ya karanta. Kafin su kai ƙarshen layi labari ya riga su gida. Saboda haka in babu mata ƙwararru, wannan tsari na maza ne kawai. Mata biyu da hijabinsu suna tafe kamar masu zuwa unguwa ko Islamiyya, babu mai tambayarsu. Ga 'yan mata nan suna gama karatun halayyar ɗan Adam da aikin jinya da walwalar jama'a suna zaune ba aiki. Su ya kamata a fara horarwa.

Kuma fitar da jinya daga ofis ba baƙon abu ba ne a Afirka. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna abin yana aiki. Su benci suka samu a al'adarsu. Mu rakiya muke da ita.

In za a yi, kafin a ɗaga ƙafa sai an yi yarjejeniya. Wace hanya za mu bi? In muka haɗu da wanda ya san ka, me za mu ce, ko kuwa mu gaisa kawai mu wuce? In kuka ya zo, ina za mu raɓe? In hadari ya taso fa? Ƙwararru a can suna tattauna duk wannan a zaman farko, kuma sau da yawa zaman farkon a ɗaki ake yin sa, don a tantance ko mutumin ya dace da fita.

Don ba kowa ne ya dace ba, ku ji ni da kyau a nan. Wanda yake jin muryoyin da babu su, wanda ya kwana uku bai runtsa ba yana ta surutai, wanda ƙwaya ta riga ta kama jikinsa, da wanda ya fara maganar gara ya mutu ya huta, wannan ba na tattaki ba ne. Wannan asibiti za a kai shi, yau ba gobe ba, kuma kar a bar shi shi kaɗai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba shi haƙƙin a kula da shi da mutunci da sirri, ku riƙe wannan in kun je. Wanda kuma likita ya ɗora a kan magani, kar ya ajiye maganin don ya fara hawa Dala.

Kai kuma da ba ƙwararre ba, aboki ne kawai, in ya ce "dama akwai maganar da ta kawo ni", kar ka tsayar masa da adaidaita. Ka ce mu ƙara gaba kaɗan. Ka sa wayarka a aljihu. Kar ka yi saurin ce masa "ka yi haƙuri, wasu sun fi ka shiga matsala", ya riga ya ji wannan sau ɗari. In ka ji abin ya fi ƙarfinka, ka ce masa gobe da safe za ka zo ku tafi asibiti tare, kuma ka zo ɗin.