ILMIN SANA'A GA 'YA'YANMU NA SAKANDARE: JAWABI A TARON IYAYEN YARA NA UNGUWAR AGEGE



An ba ni dama in yi magana a kan yaranmu da ke makarantun sakandare, da abin da za su kama in sun gama. Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka da bakin kasuwa zan yi maganar.

Jama'a, kakanninmu fatauci ya kawo su ƙasar kurmi. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, goro yake tafiya Arewa, shanu suna gangarowa Kudu. A wancan zamani yaro in ya sauke Alƙur'ani, ya iya lissafi, ya iya ɗaurin huhun goro, to ya gama makaranta. Yau fa? Rumfar da ta riƙe uba ɗaya ba za ta riƙe 'ya'ya bakwai ba. Samarinmu da dama sun koma acaba, kuma duk muna nan a watan Yuni na 2022 gwamnatin Ikko ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da ke maƙwabtaka da mu. Wanda ba shi da komai sai babur, ranar nan ya zauna a gida.

Akwai kuma maganar da ba mu cika son faɗi a fili ba. Ɗanmu a nan aka haife shi, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa, amma in ya je neman aikin gwamnatin jiha, sai a ce ya kawo takardar shaidar asali. In ya tafi garin kakansa, can ma baƙo ne. To amma wanda wutar gidansa ta lalace da tsakar dare, ko firjin shagonsa ya tsaya da kaya a ciki, wallahi ba ya tambayar mai gyara daga wace jiha ya fito. Ga wanda yake zaune a garin da ba nasa ba, sana'ar hannu ita ce takardar da ba a juya mata baya.

Wani zai ce, ai ni so nake ɗana ya je jami'a, ba ya zama bakanike ba. Madalla. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, makarantar fasaha ba ta rufe ƙofar jami'a. Bari in yi bayani dalla-dalla.

Yaro in ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya wuce babbar sakandare ya rubuta WAEC ko NECO, ko ya shiga kwalejin fasaha ya yi shekara uku. Jihar Ikko tana da irin waɗannan kwalejoji a Agidingbi da Ikotun da Ikorodu da Epe da Ado-Soba, kuma ta Agidingbi ba ta da nisa da mu. A can ana koyar da aikin lantarki, kanikancin mota, gini, kafinta, walda, gyaran firji, ɗinki da girke-girke. Tare da haka yaro bai bar Turanci da lissafi da kimiyya ba. A ƙarshe sai ya zauna jarrabawar hukumar NABTEB, wadda hedikwatarta ke birnin Benin, ya karɓi takardar da ake kira NTC. Wannan takarda hukumar JAMB tana karɓarta kamar yadda take karɓar WAEC, muddin yaro ya ci darussa biyar da kyau, har da Turanci da lissafi.

Kun ga ke nan ya fito da abu biyu a hannu. In akwai hali, ya wuce kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Yaba, wadda aka kafa tun 1947, ya yi shekara biyu ya karɓi ƙaramar difloma, ya yi shekara guda yana aiki a kamfani, ya koma ya yi wasu biyu ya karɓi babbar difloma. In kuwa hali bai samu ba, ko uba ya faɗi ya mutu, Allah Ya sa mu cika da imani, to yaro ba ya zama nauyi a kan kowa. Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya nemi halalinsa, har ya biya wa kansa karatun daga baya.

Waɗanda suka riga suka bar makaranta suna gareji ko shagon gyaran waya, su ma ba a bar su a baya ba. NABTEB tana da jarrabawar ƙarshen shekara ta masu zaman kansu, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuma tana yin gwajin sana'a mai matakai uku ta ba da shaida. Kamfani ba ya ɗaukar mutum don an ce ya iya. Takarda yake son gani.

Kada kuma wani ya raina aikin hannu. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa Annabi Dawuda sulke yake ƙerawa, Annabi Zakariyya kafinta ne, Annabi Nuhu da hannunsa ya sassaƙa jirgi, amincin Allah ya tabbata a gare su. Wane ne mu da za mu ji kunyar baƙin mai a riga?

Iyayenmu mata, wannan magana har da 'ya'yanku mata. Yarinyar da ta iya ɗinki ko aikin kwamfuta, tana ɗakin mijinta za ta yi sana'arta cikin mutunci, ya fi mata yawon talla a bakin titi nesa ba kusa ba.

Ina roƙon ƙungiya abu huɗu. Na ɗaya, a naɗa kwamiti ya bi gida-gida ya rubuta sunayen yaran da ke aji uku, tun kafin lokacin sayar da fom. Na biyu, kowane uba ya nema wa ɗansa takardar haihuwa da lambar zama ɗan ƙasa, domin tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Na uku, mu 'yan kasuwa mu buɗe asusu na sayen kayan aiki ga marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu, malaman Islamiyya su duba mana lokacin darasi, yadda yaron da ya dawo daga Agidingbi da yamma ba zai rasa karatun addininsa ba.

Mu kuma iyaye, mu daure mu daina cire yaro daga aji don ya tsare mana rumfa. Cinikin da zai yi maka a shekara uku bai kai abin da ka raba shi da shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.