Wace Manhaja ce Ta San Bayan La'asar?

Lacca ga masu kitso, lalle, aski da ɗinki, tare da ɗaliban kwamfuta, a unguwar Kusugu, Daura

 

 

An nemi in yi magana a kan yadda mai ƙaramin shago zai zaɓi manhajar da za ta riƙa tsara masa lokacin zuwan kwastomomi. Da aka ce a Kusugu za a zauna sai na ce an zaɓi wuri, domin duk yaron da ya tashi a garin nan ya san labarin rijiyar da ke kusa da mu. Tarihin baka ya ce macijiya ce ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, shi ya sa da Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa bai samu ba. Ku duba da kyau, ai tsari ne cikakke: rana sananniya, babu mai saɓawa, babu rigimar wa ya riga wa. Aibinsa ɗaya ne, an yi shi don jin daɗin macijiya, mutanen gari kuwa su yi ta lallaɓa ɗan abin da ya rage a randa. Manhajoji da yawa da ake tallata muku haka suke. Tsarinsu ba shi da makusa, amma ba don lokacinku aka yi shi ba.

Matsalar da ake son magancewa kowa ya san ta. Hajiya ta ce da mai kitso za ta zo da hantsi, ba ta iso ba sai da aka kira azahar, ta tarar da wata a kan tabarma an tsefe mata kai. Mai lalle ta karɓi amare biyu rana ɗaya, domin ɗaya ta waya aka gaya mata, ɗayar kuma a gidan suna, ba ta rubuta ko ɗaya ba. Tela ya karɓi ɗinkin Sallah fiye da abin da kekensa zai iya, daren idi ya kulle shago ya kashe waya. Duk wannan asarar kuɗi ce, kuma asarar mutunci ce, wadda ta fi ciwo a gari irin namu da kowa ya san gidan kowa.

Daga ina manhajojin suka fito? Wadda ta fi suna, Calendly, ɗan Najeriya ne ya kafa ta, Tope Awotona, haifaffen Legas, a birnin Atlanta na Amurka a 2013. A farkon 2021 an ƙiyasta darajar kamfanin ta kai dala biliyan 3. Abin alfahari ne. Sai dai ciwon da ya yi wa magani shi ne na ma'aikatan ofis da ke ta musayar imel suna neman sa'ar da za su haɗu. Akwai waɗanda aka yi musamman don gidajen gyaran gashi, irin su Booksy da ta taso daga Poland a 2014, da Fresha da ta fara a 2015 da sunan Shedul. Akwai kuma Square Appointments, wadda ake yawan yabo a bidiyoyin YouTube, alhali hanyar karɓar kuɗinta ba ta aiki a Najeriya. Dukansu sun ɗauka cewa kwastoma tana karanta Turanci, tana da imel, tana da katin banki, kuma ita da kanta za ta buɗe shafi ta zaɓi ƙarfe 3:15. Ku gaya mini, cikin matan da ke zuwa muku kitso, nawa ne haka? Yawancinsu saƙon murya suke turowa, ko su aiko yaro.

Don haka tambayar farko ba ta manhaja ba ce, ta sana'arka ce. Mai aski, alal misali, ba na jin yana bukatar a ajiye wa kowa sa'a. Kai ɗaya minti 15 zuwa 20 ne, mutane shigowa suke yi kai tsaye, cunkoson kuma sananne ne: yammacin Alhamis, safiyar Juma'a, da jajibirin Sallah. Abin da zai amfane shi lambar layi ce, ya ce da mutum saura kai huɗu, je ka dawo, ko ya yi masa filashin idan saura ɗaya. Kada mu manta kuma shagon aski majalisa ne, wasu zaman jiran suke so, a nan ake ƙwallo da siyasa. Tela shi ma ba lokacin zuwa ne damuwarsa ba, ranar karɓa ce. Yana bukatar abin da zai ƙirga masa kaya nawa hannunsa da na yaransa ke iya gamawa a mako, ya nuna masa ja idan ya cika, don ya iya buɗe baki ya ce, Alhaji, ka yi haƙuri, na rufe karɓa.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne wajen iyayenmu mata masu lalle, kitso da gyaran amare, kuma a nan zan ɗan daɗe. Aikin lalle kashi biyu ne: lokacin zane, da lokacin jira ya kama. Sa'ilin da jan lalle ke kamawa a ƙafar wata, hannun mai lalle a sake yake, tana iya fara wa wata. Manhajar da ta ɗauka cewa kowace kwastoma ta cinye awa uku cur za ta nuna miki rana ta cika alhali kina zaune. Manhajojin gidajen gyaran gashi masu kyau suna da gurbin wannan jira, saboda rinin gashi ma haka yake, amma na ofis ba su san da shi ba. Wannan kaɗai ya isa ya raba miki gardama tsakanin iri biyun. Sannan gyaran amarya, da dilka da halawa da turare, ba zama ɗaya ba ne, kwanaki ake jerawa har zuwa ranar kamu. Ƙawayen amarya kuma a ayari suke zuwa, mutum ɗaya ce ke magana da yawun goma, ita ce za ta biya. Ga matan da ba sa fita, sai an bi su gida, wanda ke nufin a lissafa tafiya da dawowa, ko cikin gari ne ko Sandamu ko Zango. Idan mai tallar manhaja ya zo, kada ki bari ya nuna miki abin da ya shirya. Ki ba shi bikin da kika yi na ƙarshe, ki ce ya shigar da shi a gabanki. Gani ya kori ji.

Sai babbar magana, wato lokaci. Mu da salla muke auna yini. Idan mace ta ce bayan la'asar, ta faɗi lokaci sananne, kuma yana matsawa tsakanin hunturu da bazara. Juma'a daga hantsi zuwa saukowa daga masallaci shagon maza a rufe yake. Da azumi aiki yakan koma dare, daga bayan asham har kusan sahur, don haka sai ka duba ko manhajar tana barin ranar aiki ta tsallake 12 na dare, ko kuwa yanke ta take yi biyu. Mafi girma duka, ranar da kuka fi ciniki a shekara ba wanda ya san ta tabbas sai daren 29 ga Ramadan, idan fadar Sarkin Musulmi ta yi sanarwar ganin wata ko rashinsa. Dare ɗaya yana iya ƙara muku yini guda ko ya ƙwace shi. Google Calendar tana iya nuna kwanan watan Hijira a gefen na Miladiyya, amma lissafi ne aka yi tun da wuri, yakan saɓa da ganin watanmu da kwana ɗaya ko fiye. To, manhajar da za ka biya wa kuɗi, tana iya ɗaga dukan alkawuran yini guda zuwa gobe, ta sanar da kowa a lokaci ɗaya? Ga kuma bukukuwanmu na Hawan Magajiya da Sallar Gani, waɗanda babu kamfanin waje da ya san ana kitso da ɗinki dominsu. Kai za ka shigar da su da hannunka, in ta ba ka dama.

Batun kuɗi gajere ne amma yana cizo. Mafi yawan manhajojin da dala ake biya duk wata. A ce dala 10 ce. Kafin Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, naira 4,600 ke nan. A farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, kuɗin ya koma 15,000, manhajar kuwa ba ta ƙara komai ba. Kitso nawa za ki yi kafin ki fanshe wannan? Wadda aka ce kyauta ce, a tambayi inda take cin nata. A da Fresha ta daɗe tana tallata kanta a haka, a lokacin ribarta tana fitowa daga kamashon sabbin kwastomomin da suka zo ta dandalinta da kuma kuɗin da aka biya ta cikinta. Wasu kuma a saƙon tunatarwa suke cajin ka, kowane tes da kuɗinsa, kuma wanda za a tura wa lambar Nijar, ga masu zuwa mana ta iyakar Kongolam, ya fi tsada. Ƙara da kuɗin data, wanda hukumar NCC ta amince a ƙara wa farashinsa har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Idan sabis ya ɗauke fa? Ba zato nake yi ba. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, aka yi watanni. Daura ba ta ciki, alhamdu lillahi, amma mun ga yadda abin yake. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda babu wutar lantarki. Manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet, ranar da babu shi ba ka san wanda zai zo gobe ba. Littafi da biro kada su bar shago, ko da ka sayi manhajar da ta fi kowace.

Yanzu ga abin da ke sa mutum ya cika alkawari. A ganina ba ƙarar tunatarwa ba ce, kafin alƙalami ne. Wadda ta ajiye wani abu ba ta mantuwa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutanenmu suka saba da tiransifa, ta banki ko ta OPay ko Moniepoint, don haka karɓarsa ya yi sauƙi, kuma manhajar da ta dage sai kati ba tamu ba ce. Amma akwai abin da nake so malamanmu da ke nan su taya mu dubawa. Manhajojin nan da yawa suna da tsarin da ke cinye kuɗin wanda bai zo ba kai tsaye. A mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, ba a yarda a riƙe irin wannan kuɗi ba idan ciniki ya fasa. Hanbaliyya sun halatta, haka ma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Brunei a 1993, da sharaɗin a iyakance lokacin jira. Ni ba mai fatawa ba ne. Abin da nake cewa shi ne kada na'ura ta yanke maka hukuncin da ya kamata ka tambayi malaminka. Ka zaɓi wadda za ka iya kashe wannan tsari, ka mayar da kuɗin ko ka ɗaga shi zuwa wata rana.

Akwai amana kuma. Wayar mai lalle cike take da lambobin matan aure da 'yan mata, da adireshin gidajensu, da hotunan hannuwa da ƙafafu. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta a riƙe irin wannan da dalili na halal, a yi amfani da shi don abin da aka karɓe shi kawai. Tun kafin doka ma tarbiyyarmu ta hana a ɗora hoton matar wani a Instagram ba da izininta ba. Ki tambaya: yaran shago za su ga dukan lambobi ko na aikinsu kaɗai? Ranar da kika bar manhajar, za ki iya fita da sunayen kwastomominki? Idan amsar a'a ce, kin zama 'yar haya a cikin sana'arki.

Hukuncina ke nan. Mai aiki shi kaɗai ko da yaro ɗaya ko biyu, WhatsApp Business, wadda ta fito a Janairun 2018 kuma ba a biya, ta ishe shi karɓar magana, tunda tana ɗaukar saƙon murya, tana da jerin farashi, tana barin ka yi wa kowa alamar ya biya ko bai biya ba. Ya haɗa da kalandar waya da littafi ɗaya, da doka guda: duk alkawarin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Ya kuma sa lambar sirri ta biyu a WhatsApp ɗin, domin masu ƙwace asusu da lambobin tantancewa guda shida suna nan. Manhajar biya sai shago ya kai hannu huɗu ko biyar suna aiki lokaci ɗaya, ana rabon kamasho. Ko a nan, a gwada ta wata guda a lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada wanda ya fara gwaji a goman ƙarshe na azumi.

Ku kuma da ke zaune can baya, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri, da Kwalejin Yusuf Bala Usman, duk a garin nan kuke. Idan lokacin aikin kammala karatu ya zo, ku bar kwafo abin da aka yi wa wasu. Ku nemi izini ku zauna mako guda a shagon tela ko wajen mai lalle, ku rubuta yadda yini ke tafiya, sannan ku gina mana manhaja da Hausa, mai karɓar murya, mai aiki ba intanet, mai lissafi da lokutan salla, wadda ake biya da naira. Masu sana'ar da za su gwada muku ita ga su nan zaune a gabanku, ku karɓi izininsu kafin a watse.