Dattijon da Ya Daina Zuwa Sahu: Jawabi ga Masu Bayarwa da Kwamitocin Masallatai

Malamanmu, iyayenmu, masu ba da zakka da waƙafi, da wakilan kwamitocin masallatai na Birnin Kebbi da Argungu.

Rabon da muke yi duk shekara yana isa ga wanda ya iya takowa wurin rabo. Dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, da tsohuwar da yanar ido ta rufe wa gani, suna can cikin ɗaka, ba su san an yi ba. Alhali tarihi ya kiyaye cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sanya wa makafi 'yan jagora, ya kuma sanya wa guragu masu hidima daga baitulmali.

Haɗarin da ke kansu yana cikin gida. Akwai santsin makewayi da tsugunon masai, inda faɗuwa ɗaya kan karya ƙugun tsoho, da yawa kuma ba sa sake miƙewa. Akwai kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, wanda hayaƙinsa ke kashe mutum yana barci. Akwai gyambon kwanciya, da ake kare shi ta hanyar juya majinyaci duk bayan awa biyu. Ku kuma tuna ambaliyar 2020 a wannan kwari namu: idan ruwa ya shigo da dare, wa zai ɗauki wanda ba ya iya tashi?

Galibi suruka ce ke jinya, ko jikar da aka cire daga makaranta. A ganina, ita ma tana da haƙƙi a cikin wannan dukiya, idan talauci ya tabbata.

A nan sai mu rarrabe. Zakka ana mallaka ta ne ga mabuƙaci, ya sayi abinci, magani ko keken guragu. Gangaren shiga masallaci kuwa, da ƙarfen dafawa a wurin alwala, aikin waƙafi ne da sadaka. Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta riga ta wajabta sauƙaƙa musu shiga gine-ginen jama'a.

Roƙona ga kwamitoci guda ne. Liman da ladan sun fi kowa sanin wanda gurbinsa ya zama wayam a sahu. Ku rubuta sunayensu unguwa-unguwa, a tura mata su binciko tsofaffin da ke cikin gidaje, ku kawo mana kafin Ramadan, domin a kai musu rabonsu har ɗaki.

Allah Ya karɓa daga gare mu.